Yaron da Yake da Labari Ba Ya Rasa Turanci

A cikin jarrabawar Turanci ta WAEC da 'ya'yanmu suke zaunawa duk shekara akwai takarda ta uku, wadda aka ware domin gwada furuci. Tambayoyi 60 ne a cikin minti 45. Ana tambayar ɗalibi wace kalma ce sautinta ya yi daidai da na wannan, wace gaɓa ake dannawa a waccan, shi kuma yana amsawa da fensir, zauren jarrabawa tsit kamar ruwa ya cinye mutane. Daga farko har a karɓi takarda ba wanda zai ji muryarsa. Don haka yaro yana iya fita da kiredit a Turanci alhali bai taɓa tsayawa gaban mutane ya yi magana ta minti uku a jere da harshen ba. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata a Kano ko Sakkwato ko Bauci ya ga inda wannan yake kai mu: saurayi mai kaifin ƙwaƙwalwa, takardunsa tsaf, amma da an ce ya yi bayanin kansa sai ya shiga inda-inda, gumi yana keto masa.

A daidai shekarun da wannan matsala take ƙara girma, an yi wani abu da mutane ba su cika haɗa shi da ita ba. Tun daga zangon karatu na 2009/2010 aka cire tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage a cikin darasin nazarin zamantakewa. Sai a Nuwamban 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya, a zamanin minista Adamu Adamu, ta yi bikin dawo da shi a matsayin darasi mai zaman kansa, tare da sanarwar horar da malamai 3,700. Yaran da suka tashi a tsakanin nan sun yi asara biyu a lokaci guda, kuma ni a ganina asarar ɗaya ce ta ƙara wa ɗayar nauyi. Ra'ayina shi ne, darasin tarihi, musamman tarihin garin yaro da na mutanensa, shi ne fili mafi kyau da muke da shi na koya masa magana da Turanci, kuma muna barin filin nan ba shuka.

Abin da yake kashe bakin mai koyon harshe abu biyu ne: tsoron a yi masa dariya, da rashin abin faɗa. Na farkon kowa ya san shi. Na biyun ne ba a kula da shi. Ku dubi muhawarar makarantu yadda ake yin ta. Yarinya za ta fito gaban taro ta gaida shugaban zama, ta gaida alƙalai, ta gaida mai kula da lokaci, ta gaida abokan karawa, duk a cikin numfashi ɗaya, da Turanci mai santsi, don ta shafe mako tana haddarsa. Sannan ta shiga kare cewa likita ya fi malami amfani, ko zaman birni ya fi na ƙauye, da jimlolin da malaminta ya rubuta mata. Da wani zai katse ta ya yi mata tambaya ɗaya wadda ba ta cikin takardar, shi ke nan an gama. Laifin ba nata ba ne. An ba ta batun da bai dame ta ba, wanda ba ta san komai a kansa ba fiye da abin da aka ɗora mata a baki. Mutum ba ya ƙoƙarin nemo kalma sai idan akwai abin da yake cin ransa ya faɗa.

To, a ba wannan yarinyar labarin yadda Kano ta faɗa hannun Turawa. Ta ji shi da Hausa tukuna, ta tambaya, ta fahimta. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta shiga birnin, Sarki Alu kuwa ba ya gari, yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Waziri Ahmadu ya ja mayaƙan Kano suka yi karo da Turawa a Kwatarkwashi, a can ya rasu. An kama Alu, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926, Turawa kuma suka naɗa Abbas sarki. Yanzu a ce mata ta ba abokiyar zamanta wannan labari da Turanci, ba takarda a hannu. Me za ta buƙata? Dole ta jera abubuwa bi da bi, wannan ya faru, sannan wancan. Dole ta yi amfani da aikatau na shuɗaɗɗen lokaci daga farko har ƙarshe, kuma yawancin aikatau da labarin yaƙi da tafiya yake buƙata, irin su tafiya da zuwa da kamawa da faɗa da gudu, a Turanci suna cikin waɗanda ba sa bin ƙa'ida, waɗanda yara suke haddacewa a jere a allo su manta washegari. Za ta buƙaci ta ce abu kaza ya riga ya faru kafin abu kaza, wato sarki ya riga ya bar gari kafin sojoji su iso, kuma wannan siga ce da malaman nahawu suke shan wahalar koyarwa da misalan da ba su da rai. Za ta faɗi shekara da baki, ta faɗi nisa, ta faɗi dalili. Duk wannan a cikin labarin da ba zai wuce minti uku ba, kuma labarin ne zai riƙa jan ta, domin ta san abin da ya biyo baya ko da kalmar ta ɓace mata. Idan kalma ta ɓace za ta kewaya ta faɗi abin ta wata hanya, wannan kewayen kuwa shi ne ainihin iya magana.

Inda tarihi ya fi kowane darasi shi ne wajen jayayya. Bayan an ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, manyan daular sun rabu gida biyu. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, jama'a masu yawa suka bi shi gabas, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Waɗanda suka tsira, tare da ɗansa Mai Wurno, suka ci gaba har Sudan, inda garin Maiwurno yake a bakin kogin Nilu har yau. Waziri Buhari kuwa ya tsaya, ya yi sulhu da Turawa, ya kuma rubuta wasiƙa ga malamai yana bayyana hujjarsa ta kare rayuka da addinin waɗanda ba za su iya tafiya ba. Wa ya fi gaskiya a cikinsu? Ku jefa wannan tambaya a ajin ƙarshe na sakandare ku ga abin da zai faru. Yaron da bai taɓa ɗaga hannu ba zai ɗaga, don maganar ta taɓa shi. Zai so ya ce bai yarda ba, zai so ya ce da shi ne da ya yi kaza, zai so ya kawo hujja ya rushe ta abokinsa. Harshen amincewa da ƙin amincewa, harshen sharaɗi da zato, harshen girmama wanda kake jayayya da shi, duk za su fito saboda ana buƙatarsu a lokacin. Malamin kirki zai tsaya gefe, ya miƙa kalma idan an nema, ya ajiye gyaran kuskure sai an gama.

Wannan hanya ba sabuwa ba ce, kuma a kanmu aka fara gwada ta, ta ɗaya ɓangaren. Turawan da suka koyi Hausa da gaske ta hanyar labarai suka koye ta. Dorugu, yaron da aka kama bawa a ƙasar Damagaram, ya bi Bature matafiyi Heinrich Barth har Tambutu, sannan Landan a 1855. A Ingila ya zauna da James Schön yana ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, abin da ya zama ƙashin bayan littafin Magana Hausa na 1885. Frank Edgar ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, cike da tatsuniyoyi da labaran sarakuna da yaƙe-yaƙe, jami'an mulkin mallaka kuwa da irin waɗannan littattafai suke shirin jarrabawar Hausa da aka wajabta musu. A ƙasar Gana ta yau, R. S. Rattray ya sa wani malami Bahaushe ya rubuta masa tarihi da al'adu da tatsuniyoyi, ya buga su a 1913. Mutanen nan sun gane cewa harshe yana shiga ne ta hanyar abin da masu shi suke ba da labari a kai. Mu kuma muna da gata da ba su da shi, domin labarin namu ne, harshen kawai muke nema.

Mutanenmu da suka yi suna wajen magana da Turanci ma ba a banza suka kai can ba. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a hukumance a 1922, ta shahara da tsananta wa ɗalibai a kan furuci, kuma ba na musun amfanin hakan. Amma furuci kaɗai ba ya yin mai magana. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a can daga 1928 zuwa 1933, tun yana matashi ya rubuta Shaihu Umar, labarin da ya ginu kan zamanin bauta da fataucin hamada, wato mutum ne da tarihi ya zauna masa a ƙirji. A Bauci, cikin shekarun 1940, shi da Sa'adu Zungur da Aminu Kano sun goge a zauren tattaunawa da ake yi a garin, wanda jami'an mulkin mallaka ma kan halarta, ana ja-in-ja kan tsarin mulkin En'e. Ranar da Ɓalewa ya tsaya a Majalisar Ɗinkin Duniya, 7 ga Oktoban 1960, lokacin da aka karɓi Nijeriya a matsayin ƙasa ta 99, da kuma jawabinsa a majalisar dokokin Amurka a Yulin 1961, muryar da duniya ta yaba murya ce ta mutumin da ya san daga inda ya fito. Haka marigayi Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano. Duk wanda ya saurare shi, da Hausa ko da Turanci, ya san ba ya yin nisa bai ɗauko wani abu daga tarihi ba. Jawaban mutanen nan biyu suna nan a intanet, kuma sun fi dacewa da kunnen ɗan Arewa mai koyo fiye da kwaikwayon 'yan fim ɗin Amurka. Suna magana a hankali, kowace kalma tana fita sarai, ba wanda ya ɓoye cewa Bahaushen baki ne da shi.

Masana koyar da harshe sun daɗe da isa wannan wuri. A Kanada, tun 1965 aka fara koya wa yara masu jin Turanci darussansu da Faransanci. Bayan shekaru, Merrill Swain ta lura cewa yaran suna fahimtar Faransanci sosai, amma maganarsu ba ta kai fahimtarsu ba, domin yawancin lokaci malami ne yake magana su kuma suna saurare. Abin da ta fitar a 1985 shi ne, sai an matsa wa mai koyo ya yi magana da kansa, ya ji inda ya maƙale, sannan harshen yake zama. Wannan gargaɗi ne a gare mu. Idan malamin tarihi zai shiga aji ya juya baya yana cika allo da rubutu yara suna kwafa, to ba tarihin aka koya ba, ba Turancin ba. A gida kuma muna da gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koya wa yara darussan firamare da Yarbanci, Turanci kuma a matsayin darasi, suka fito ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Shi ya sa na dage a kan cewa a fara da Hausa. Yaro ya fahimci abin da ya faru da harshen da yake tunani da shi, sannan a ɗora masa nauyi guda ɗaya kawai, na sake faɗarsa da Turanci. Idan aka haɗa masa duhun labari da duhun harshe a lokaci guda, hadda zai koma.

Maganar furuci kuwa, gaskiya ce akwai wuraren da bakin Bahaushe yake tuntuɓe. Hausa ba ta raba sautin p da f a matsayin sautuka biyu masu canza ma'ana, haka b da v, kuma ba ma son baƙaƙe su taru ba wasali a tsakani, shi ya sa muke cusa shi. Waɗannan abubuwa ne da ake gyarawa cikin 'yan makonni idan an nuna wa mutum yadda ake yi. A riƙe 'yar takarda a gaban baki: wajen p leɓɓa biyu suna haɗuwa su buɗe da ƙarfi, takardar ta yi tsalle, wajen f haƙoran sama ne suke sauka kan leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali ba tsayawa. Minti biyar a farkon darasi sun isa, da kalmomin da za su fito a labarin ranar. Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne mai da karin harshe abin kunya, da kuma tarar da wasu makarantu suke ci wa yaron da aka kama yana Hausa. Wannan ba ya haifar da mai Turanci, shiru kawai yake haifarwa. Yaron da aka yi wa dariya sau ɗaya a gaban aji yana iya shekara bai sake buɗe baki ba.

Akwai masu cewa wannan zai mai da tarihi bawan Turanci, a rage masa daraja. Na fahimci damuwarsu, musamman ga waɗanda suka san wahalar da su Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka sha a Jami'ar Ahmadu Bello kafin a yarda cewa tarihinmu ilimi ne mai ƙa'ida, wanda ake bincikensa da rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami da bakin dattawa. Amma ina ganin tarihin ne zai fi cin riba. Ɗalibin da aka sa ya faɗi labari da bakinsa, aka yi masa tambaya ya kare, ya fi riƙe shi fiye da wanda ya kwafa. Kuma Turancin zai buɗe masa wata ƙofa: ya karanta abin da matafiyi Clapperton ya rubuta bayan ya ga Kano da Sakkwato a 1824, ko bayanin Barth kan kasuwa da rini da saƙar Kano a 1851, ya gwada da abin da mutanen gari suke cewa, ya gano inda baƙo ya gani daidai da inda son zuciyarsa ya rufe masa ido. Wannan shi ne aikin masanin tarihi, kuma ɗan shekara goma sha shida zai iya fara shi.

Wani kuma zai ce Turancin yaƙi da sarauta ba shi ne wanda mutum zai yi amfani da shi a banki ko a asibiti ba. Kalmomin sun bambanta, haka ne. Ginin ɗaya ne. Mai yi wa likita bayanin yadda ciwo ya fara, da mai ba shugabansa rahoton abin da ya faru a wurin aiki, da mai amsa tambaya a ganawar neman aiki, dukkansu labarin abin da ya wuce suke bayarwa tare da dalilansa.

Matsalar da ta fi ƙarfi ita ce ta cunkoso. A ajin da yara suka haura ɗari, malami ɗaya ba zai saurari kowa ba. Sai dai ba dole ne shi ya saurara ba. A raba su bibbiyu, kowa ya ba na kusa da shi labarin cikin minti uku, a sauya abokin zama ya sake bayarwa cikin minti biyu. Aji zai cika da hayaniya, kuma ya kamata shugabannin makarantu su koyi bambanta wannan hayaniya da ta rashin tarbiyya. A karo na biyu za a ji labarin ya fi santsi, don bakin ya riga ya bi hanyar sau ɗaya.

Wanda ya bar makaranta ma, ko mai koyo a Zandar ko Maradi wanda Turanci ya zo masa bayan Faransanci, bai rasa hanya ba, kuma ba sai ya jira littafi ba. Tarihi yana zaune a zaure da tsakar gida. A tambayi kaka yadda aka ji da farin 1973, ko ranar da motoci suka koma bin hannun dama a Nijeriya a Afrilun 1972, ko yadda mutane suka rikice da lissafi lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a Janairun 1973, ko yadda aka riƙa kwasar yara zuwa makaranta a shirin ilimin firamare kyauta na 1976. A saurara da Hausa, a yi tambaya har a ƙoshi, sannan a ɗauki waya a naɗi muryar kai ana ba da labarin da Turanci, a saurara, a sake. In da aboki mai irin wannan niyya, a riƙa musayar saƙon murya ta WhatsApp, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambaya. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ba komai ba ne illa hirar wata tsohuwa Bahaushiya mazauniyar ƙasar Zazzau da aka mayar Turanci, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Irin Baba suna nan a gidajenmu, kullum kuma raguwa suke yi.

Abin da nake roƙo daga ma'aikatun ilimi na jihohinmu ba ya buƙatar sabon gini ko kwangila. A ware darasi ɗaya a mako wanda malamin tarihi da malamin Turanci za su shirya tare, na farko ya kawo labari da hujjojinsa, na biyu ya kula da bakin yara. A sa wani kaso na makin gwajin zango a kan magana, domin abin da ba a ba shi maki malami da ɗalibi ba sa ɗaukarsa da muhimmanci, kuma wannan yana hannun jiha ko da WAEC ba ta sauya takardarta ba. Makarantun da ke kusa da Gidan Makama, ko marinar Ƙofar Mata, ko hasumiyar Gobarau, ko rijiyar Kusugu, ko Hubbaren Shehu, su kai yara sau ɗaya a zango, a raba musu wuraren tun kafin a tafi, kowane rukuni ya zama shi ne ɗan jagora da zai yi wa sauran bayani da Turanci, ya kuma amsa tambayoyinsu a nan take.